Ruwan Hoto

Rigunan farko goma sha biyu ne, farare tas, masu gajeren hannu, irin waɗanda samari ke kira tishat. Auta ne ya shigo da su gida wata Asabar da safe, da kwalaben kala huɗu a leda, da waya a hannu tana nuna wani mutum yana murɗa riga yana ɗaure ta da roba. Ya ce daga yau gidan nan ya shiga sana'a.

Ya rina bakwai da hannunsa. Duk bakwai ɗin suka fito kalar ruwan kwata.

Yayarsa tana zaune a baranda tana jijjiga 'yarsa, jaririya 'yar wata biyu da ake ce wa Kumatu. Shekara uku ke nan Yaya tana gidan ƙanin nata, tun rasuwar mijinta. Ta dubi rigunan a kan igiya ta ce, "Auta, rini ka yi ko tsumman goge ƙasa?"

"In kin iya ki sauko ki yi."

Ta miƙa jaririyar ga uwarta, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyarwa a firamare, ta sauko. Ko kallon wayar ba ta yi ba. Ta tsinci tsakiyar riga da farce biyu, ta murɗa a hankali, ta ture robobin gefe ta ce a ba ta zaren ɗinki. Ta ɗaure, ta tsoma, tana buɗe ninkin da kan yatsa tana tura kalar ciki. Da aka kwance sai ga wani zagaye kamar fitowar rana, da siraran jijiyoyi farare da suka bazu har kafaɗa. Auta ya ɗauki hoto ya sa a shafinsa. Kafin la'asar mutum tara sun tambayi inda ake sayarwa.

Cikin wata biyu 'yan layin suka koma kiransa Manaja, shi ma ya daina amsa Auta a bakin kowa sai a bakin Yaya. An ƙara igiyar shanya uku a tsakar gida. An buga 'yar takarda da ake liƙa wa wuyan kowace riga, an rubuta: Aikin hannu.

Sai masu saye suka fara ƙorafi cewa kalar kwalba tana zuba a wanki na biyu. Auta ya tafi kasuwa ya dawo da garin rini da bokitai biyu masu murfi. Ɗaya cike yake da wani abu fari mai ɓarzo-ɓarzo kamar gishiri, wanda ya ce sunansa kostik. Ɗayan hoda ce, in an buɗe ta sai gidan ya ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai. Su biyun ake zubawa a ruwan zafi tare da kala. Rinin ya kama kuwa. An wanke riga sau biyar ba ta ce uffan ba.

Ya sayo safar hannu ta roba, mai kauri, guda ɗaya. Yaya ta yi aiki da ita kwana biyu. A rana ta uku ya ɗauko riga biyu ya ɗaga su a rana, ɗaya ta da, ɗaya ta jiya.

"Duba da kyau, Yaya. Ina jijiyoyin?"

"Da safa ba na jin ninkin. Sai a hankali zan saba."

"Mai saye ba zai jira ki saba ba. Jijiyar nan ita ake biya."

Washegari ba ta ga safar ba. Ta tambaya, ya ce ta yage, zai sayo wata mai laushi in ya shiga kasuwa. Kullum yana shiga kasuwa.

Yaya ba mai yawan magana ba ce, amma idonta ba ya barci a kan abu. Ta ga ranar da ya zagaya bayan gida da bokitan biyu yana kankare takardar jikinsu da wuƙa. Ba ta iya karanta yaren da ke jiki ba, sai dai a gefen da bai gama kankarewa ba akwai zane: hannun mutum, da ɗigon ruwa yana cin naman.

"Wannan hoton fa?" ta ce.

"Ado ne na kamfani. Sunan nake cirewa. Kin san Mai Keke, in ta leƙo ta karanta, gobe ta buɗe nata rinin a ƙofar gidanmu."

Mai Keke maƙwabciyarsu ce mai ɗinki, kuma lallai tana da leƙe-leƙe.

Ta kuma ga yadda yake awo. Shi ke haɗa ruwan kowace safiya, ya ce ma'aunin sirri ne. Sai ya zura hannunsa a leda, ya ɗauki ludayi mai dogon mariƙi, ya kawar da fuska kamar mai wucewa ta juji. Ya zuba, ya motsa, ya ja da baya taku uku kafin ya numfasa. Sannan ya ce, "Yaya, bismillah."

Abu na uku shi ne ruwan hoto. Kowace Lahadi ake ɗaukar bidiyon talla, kuma hannun Malama ake nunawa, mai santsi, da zobe. Ranar, Auta yakan ɗauko wani farin baho dabam, ya zuba ruwan sanyi, ya tsiyaya tsohuwar kalar kwalba. Malama ta tsoma rigar da Yaya ta riga ta ɗaure, ta matsa, ta yi murmushi. A yanke. Sai a nuna wata rigar da Yaya ta rina jiya a baƙin bahonta.

"Me ya sa ba za ta yi a nawa ba?" Yaya ta tambaya sau ɗaya.

"Tururi yana rufe kamara."

Amsa dai ba ta taɓa yi masa wuya ba.

Faratan ne suka fara tafiya. Suka yi laushi, suka dare, biyu suka fita. Fatar tsakanin yatsu ta yi fari ta tsage, shuɗi ya shiga tsagun ya zauna, sabulu ba ya fitar da shi. Da safe sai ta jiƙa hannun a ruwan ɗumi kafin yatsun su yarda su lanƙwasa. Bayan haka tari ya zo, busasshe, mai ƙara kamar ana buga gwangwani.

Wata ranar Talata tana ɗauraya a famfo, ta jiyo muryar Mai Keke ta tagar kicin.

"Ni dai ban ce komai ba, Malama. Amma surukar ƙanwata haka ta fara. Tari, rama, fata na saɓulewa. Kafin a farga yara biyu sun ɗauka."

"Baban Kumatu ya ce sanyi ne."

"Sanyi a hannu? Kuma ita ke goya miki 'ya, ita ke ba ta ruwa."

Yaya ta ƙara buɗe famfon.

Da yamma Malama ta tare mijinta a baranda. Ba ta rage murya sosai ba, wataƙila so take a ji.

"Ka gaya mini gaskiya. Rinin nan ne yake mata haka, ko ciwo ne a jikinta?"

Yaya tana tsakar gida tana kwashe shanya. Ta tsaya da riga a hannu. Ta san ƙaninta tun yana cikin tsumma. Ta san yadda yake shafa ƙeya kafin ya yi ƙarya, kuma ta ga hannunsa ya tafi ƙeya.

"Rini kuma? Ke ba kina sa hannu duk Lahadi ba? Me ya same ki?"

Malama ta dubi hannunta. Lafiya lau.

"To me ke damunta?"

"Ni ba likita ba ne. Amma dai a yi hattara da yarinya, ba a wasa da irin wannan."

Abin da ya faɗa ke nan. Bai ce tana da tarin fuka ba. Ya bar matarsa ta faɗa wa kanta.

Washegari aka ware wa Yaya kofi da faranti da cokali. Don kada su haɗu da na gida, Malama ta tsoma tsinke a kala ta ɗiga shuɗi a gindin kowanne. Ta yi abin cikin ladabi.

"Yaya, don Allah kar ki ga kamar wani abu. Na ɗan lokaci ne."

"Na gani."

"Kumatu kuma, kafin a san abin da ake ciki..."

"Na ji, Malama."

Ɗakin Yaya yana manne da na jaririya, tagoginsu suna kallon juna. Aka ce iska tana ɗaukar tari. Ɗaki ɗaya ne ya rage a gidan, sito na can ƙarshen tsakar gida, mai taga ɗaya ƙarama a sama. Auta da kansa ya kai katifar. Ya matsar da kwalayen riguna, ya jera bokitan kostik da hoda a jikin bango, taku biyu daga inda kanta zai kwanta.

"A fitar da waɗannan mana," ta ce.

"In suka sha danshi sun lalace. A rufe suke, Yaya, ba abin da za su yi miki."

"Kai ka taɓa kwana da su?"

Ya yi dariya. "Yaya ke nan. Ke da kika kwana da awaki a ɗaki lokacin muna yara."

Tarin ya ninka cikin mako guda. Malama ta ji ya ninka, ta gode wa Allah da aka raba ɗaki da wuri.

Yanzu daga nesa Yaya ke ganin Kumatu. Yarinyar ta fara zama, an sa mata matasai a baranda. In ta hango Yaya a bakin baƙin baho sai ta ɗaga hannu biyu tana wutsil-wutsil da ƙafa. Yaya takan ɗaga mata riga mai launi ta kaɗa. Malama takan zo ta juya yarinyar ta fuskanci bango, ta ce rana na dukan idonta.

Yaya ta nemi a kai ta asibiti. Auta ya ce ba matsala, da zarar an gama aikin wata makaranta da ta ba da odar riguna ɗari biyu na wasannin ɗalibai. Aka gama. Sai ga odar wata ƙungiyar masu tsere. Ya ce asibiti yini guda ake yi a layi, kuma in suka ga tarin nan kwantar da ita za su yi, ita kuma ta san ba ta son kwanciya. Ya ce bari dai su fara da kemis.

Mai kemis ɗin bakin titi dattijo ne mai tabarau. Ya ce ta ɗora hannun a kan teburinsa. Ya daɗe yana kallo.

"Hajiya, wane aiki kike yi?"

"Wanki ne," in ji Auta. "Ba ta zama. Mun yi mun yi ta huta ta ƙi."

"Ita na tambaya."

Yaya ta buɗe baki, tari ya riga ta. Kafin ya lafa Auta ya karɓi basilin da kwalbar maganin tari, ya riƙe mata gwiwar hannu kamar mai tausayi, sun fito titi.

"Me ya sa ka ce wanki?"

"So kike duk unguwa ta san abin da muke haɗawa? Mutumin nan bakinsa ba ya rufuwa."

"Auta, ruwan nan yana cina."

"Shekaru ne, Yaya. Fatar babba ba ta yaro ba ce. Kuma fa ke kika ce kin iya, ba wanda ya sa ki." Ya sassauta murya. "Duk don gidan nan nake yi. Abincin da muke ci, har da ke, daga ina yake fitowa?"

Yaya ta lura dai hannun da ya riƙe ta da shi bai goge a wando ba. Mutumin da ya yarda tana da ciwo mai yaɗuwa zai goge.

Duk abin da Yaya ta sani a rini, gwaji ne ya koya mata. In tana shakkar kala, sai ta yanki ƙyalle ta jefa ta ga abin da zai faru. Ranar Alhamis ta taje kanta, ta tattara gashin da ya maƙale a mataji. Ta ɗebi ruwan baƙin baho a wani tsohon gwangwanin madara, kafin a zuba kala, ta jefa gashin, ta ajiye a bayan ƙofar sito. Da azahar gashin ya yi laushi kamar majina. Da la'asar rabinsa ya narke.

Ta zauna a kan katifa tana kallon gwangwanin. Ba ta yi mamaki ba. Tana shirya yadda za ta nuna wa Malama ne, da kalmomin da za ta fara da su.

Malama ta riga ta. Ta shigo ɗaukar kwali da ƙyalle a hanci, ƙafarta ta taɓa gwangwanin. Ta duƙa. Ta ga ruwa mai yauƙi, da gashin mutum a ciki, a ɓoye a bayan ƙofa.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Gashina ne. Zauna in nuna miki. Ruwan da nake..."

"Gashin wa?"

"Nawa na ce."

Malama ta fita da baya. Yaya ta ji ta shiga ɗaki, ta ji ta ɗauki Kumatu, ta san kan yarinyar take dubawa ko an yanki wani wuri. Da Auta ya dawo aka kai masa gwangwanin a kan murfin kwali. Ya leƙa. Yaya tana kallon fuskarsa daga ƙofar sito, ta ga ya gane abin da ta gwada, ta ga kuma ya gane cewa matarsa ba ta gane ba.

"Ni ban san me zan ce ba," ya ce, yana shafa ƙeya. "Yayata ce. Amma mutum in an raba shi da abin da yake so, ba ka san abin da zuciya za ta raya masa ba. A zubar kawai. Kar a tayar da magana."

Ba a tayar ba. Daga ranar dai Malama ta fara kulle ɗakinta ko famfo za ta je. In za ta tafi makaranta sai ta kai Kumatu gidan Mai Keke. Abincin Yaya a kan wata kujera ake ajiye shi a tsakiyar tsakar gida, ita ta zo ta ɗauka. Gaisuwar safe ta koma kalma biyu. Rini dai bai tsaya ba. Rigar da ta fito daga hannun mai tari da mai asiri, ba wanda ya ji ƙyamar ninke ta ya sa a leda.

Kwana tara Yaya tana tunani. Ta gane cewa duk abin da ya fito daga bakinta ko daga ɗakinta ya riga ya ƙazantu a idon Malama. Shaida ɗaya ce ta rage a gidan wadda za a yarda da ita, kuma shi ne mai ƙaryar.

Ranar Lahadi da hantsi Auta ya haɗa mata ruwan aiki kamar kullum, ya fita bakin titi karɓar sababbin riguna daga mai mota. Ya ce in ya dawo za a ɗauki bidiyo. Yaya ta jira ƙarar ƙofa. Ta juye ruwan aikin a wani bokiti ta tura bayan tanki. Ta wanke baƙin bahon sau uku da sabulu, yatsunta na zafi kamar ana yanka su. Ta cika shi da ruwan ɗumi daga tukunya, ta jefa bula ta wanki, ta motsa har ya yi shuɗi mai duhu. Ta ɗauko bokitin hoda ta ajiye kusa, ta ɗan ɗaga murfin don warin ya fito. Kwalaben kalar hoto kuma ta zura su ƙarƙashin katifarta.

Malama ta fito da kwalliyarta, da zobe, tana neman farin baho.

"Kalar kwalba ba ta nan," in ji Yaya daga nesa. "Ki yi da wannan. Sabo ne, ban sa hannu ba tukuna."

Malama ta dubi bahon, ta dubi Yaya.

"Ai mijinki ya ce duk ruwa ɗaya ne," Yaya ta ce. "Ko ba haka ya ce ba?"

"Haka ya ce."

"To ki fara gwadawa kafin ya shigo. Kumatu ta kusa tashi."

Malama ta ja kujera ta zauna. Ta naɗe hannun rigarta zuwa gwiwa. Ta ɗauki ɗaurarriyar riga daga tire da kan yatsu. Tururi yana tashi kaɗan-kaɗan daga baƙin bahon. A daidai nan ƙofa ta buɗe, Auta ya shigo da ƙullin riguna a kafaɗa.

Tsakanin ƙofa da bahon taku goma ne. Ya yar da ƙullin ya yi su a uku. Ya cafke wuyan hannun matarsa, yatsunta saura kaɗan su taɓa ruwan, ya fizge ta har kujerar ta kife.

"Kar ki taɓa! Kin haukace ne? Zai cinye miki hannu."

Rigar ta faɗa cikin bahon, ruwa ya fallatsu a ƙafarsa. Ya yi tsalle baya yana goge ƙafar da hular kansa.

Malama tana zaune a ƙasa, tana riƙe da wuyan hannunta inda ya matse.

"Zai cinye mini hannu," ta ce a hankali.

"Ina nufin... ke ba ki saba ba. Fatarki ba irin..."

"Wata huɗu tana sa nata a ciki. Safe da yamma."

Yaya ta taso. Ta zo bakin bahon ta durƙusa, ta zura hannu biyu har gwiwa, ta ɗebo ruwan ta wanke fuskarta da shi. Shuɗi-shuɗi ya gangaro ta haɓarta.

"Ruwan ɗumi ne da bula, Manaja," ta ce. "Daina goge ƙafar."

Tunda 'yan layin suka laƙaba masa wannan sunan ba ta taɓa kiransa da shi ba.

Ya yi magana mai yawa bayan nan, yana tsaye a tsakiyar rigunan da suka zube. Ya ce shi ma bai san abin ya kai haka ba. Ya ce mai sayar da hodar ya gaya masa hannu yana sabawa. Ya ce da ma Litinin ɗin nan ya yi niyyar kai ta asibiti, Allah ne shaidarsa. Ya ce bai taɓa cewa tana da tarin fuka ba, a tambayi Malama, ita ta faɗa. Ya ce maganar gashi ma shi cewa ya yi a zubar. Duk gaskiya ne, kalma bayan kalma. Malama ta tashi ta kakkaɓe zaninta ta shiga sito, ta fara jawo katifar waje ita kaɗai.

Ita ta kai Yaya asibiti ranar Litinin, ta nemi izini a makaranta. An ɗauki hoton ƙirji, an gwada majina. Sakamako ya fito ranar Alhamis: babu tarin fuka, babu wani abu mai yaɗuwa. Likitar ta ce hanyar numfashi ce ta ƙone da abin da take shaƙa, za ta lafa in an raba ta da shi, ko da yake ba lallai ta koma kamar da ba. Hannun kuma ta juya shi sau biyu, ta soka kan yatsun da tsinke ɗaya bayan ɗaya, tana tambaya, "Kin ji?" Cikin goma Yaya ta ji huɗu.

A hanyar dawowa Malama ta ce, "Yaya, ban san da wane baki zan..."

"Bar shi. 'Yarki kika tsare."

"Na ɗiga miki shuɗi a kofi."

"Kin ɗiga."

A ranar ne Malama, tana neman takardun asibiti na da a saman kabad ɗin mijinta, ta ci karo da safar hannun. Ko ƙwarzane babu a jikinta. Ta kawo ta ajiye masa a kan farantin abincinsa.

Ranar Juma'a da yamma Yaya tana baranda, hannayenta a naɗe da bandeji sai kan yatsu a waje. Malama ta fito da Kumatu ta tsaya a gabanta. Yarinyar ta ɗaga hannu biyu. Yaya ta miƙa nata, sai ta ga yatsun ba za su rufu a kan haƙarƙarin yarinya ba. Ta juya hannun ta shimfiɗa damatsanta, Malama ta kwantar da ita a kai. Ta yi nauyi. Haƙora biyu sun fito a ƙasa, ba wanda ya gaya wa Yaya.

Daga bakin ƙofar gida muryar Manaja tana shigowa. Waya yake yi da 'yar gwaggonsu, wadda aurenta ya mutu bara take zaune a gidan iyaye.

"Aiki ne a zaune, ba wahala," yake cewa. "Ga ɗaki, ga abinci. Yaya ce ke yi, to kin san jikin girma, ta gaji. Ke dai ki zo ki gani."

Riguna ɗari da hamsin na jira a kwali. Bokitan biyu suna nan a sito.

Kumatu ta kama babban yatsan Yaya ta damƙe, tana ƙoƙarin kai shi baki. Yaya ta ga damƙar da idonta. Ba ta ji ta ba.

"Malama," ta ce, "wayarki na kusa?"

"Tana nan."

"Kwance mini bandejin nan. Ki ɗauki hoton hannuna."

Malama ta dubi ƙofa, inda mijinta ke dariya a waya. Ta durƙusa ta kwance bandejin a hankali, zagaye bayan zagaye. Ta gyara tsayuwa yadda haske zai faɗo daidai, kamar yadda aka koya mata duk Lahadi. Hoton ya fito sarai: tsagu masu shuɗi, gurbin farce biyu, da ɗan ƙaramin hannu mai santsi a naɗe da yatsa ɗaya.

"In tura wa 'yar gwaggo?"

"Ita farko."

"Sannan fa?"

"Sannan ki sa shi a shafin, inda kuke sa sauran," in ji Yaya. "Ki rubuta abin da kuke rubutawa a wuyan riga: Aikin hannu."